Yadda Ake Haɗa Fitilar LED Mai Wat 100 Da Ruwa Ke Sanyayawa

Ƙwayar LED mai wat 100, irin mai faɗi ɗin nan da ake kira COB, ba ta fi girman kwalin ashana ba, amma kusan kashi biyu cikin uku na wutar da take ci zafi yake komawa. Wato zafin ayan ɗin solda mai wat 60 ne a kan ɗan farantin da bai wuce santimita 4 ba. In ka ba ta cikakkiyar wuta ba tare da abin ɗauke zafi ba, ba za ta yi minti ɗaya a raye ba. Shi ya sa aikin ke da tsari ɗaya tak: a gama da ruwa, a saita wuta, sannan a waiwayi haske.

Kayan aiki

Za ka nemi ƙwayar kanta, wadda aka rubuta 30 zuwa 36V da 3A a jikinta. Sai bosta mai ɗaga wuta daga bolt 12 na batir zuwa sama, mai wat 250 ko fiye, kuma lallai ya kasance da sukurun saiti biyu, CV mai saita bolt da CC mai iyakance amfiya. Mai sukuru ɗaya kada ka karɓa ko kyauta ne. Ɓangaren ruwa kuwa: bulon alminiyom mai hanyar ruwa a ciki, milimita 40 a 40, ƙaramin famfo na 12V mai tura kamar lita 240 a awa, lagireton kwamfuta mai milimita 120 da fankarsa, tiyo mai faɗin ciki milimita 8, tsawon mita ɗaya, kilif takwas, da ƙaramin tanki. Ƙara da man ɗaukar zafi irin wanda ake shafa wa firosesa, fis mai amfiya 15, rile na mota (makunnin da wuta ke kunnawa), makunnin zafi KSD9700 mai yanke wuta a digiri 65, da waya mai kaurin 2.5mm².

Fanka da man firosesa da mitar auna wuta ana samunsu wajen masu kayan kwamfuta a Banex da ke Wuse 2 a Abuja. Rile, fis, kilif da kulan na lagireto kuwa Apo ce gidansu. Idan lagireton kwamfuta ya yi wuyar samu, ƙaramin lagireton hitar mota na alminiyom yana yi, sai dai bakinsa ya fi faɗi, dole a sa mahaɗin rage girma. Ƙwaya da bulo galibi sai an yi oda ta intanet, kuma ƙwaya biyu za ka saya, don masu araha ba duka ke zuwa lafiya ba.

Haɗa ƙwaya da bulo

Nan ne mafi yawan fitilu ke mutuwa tun kafin a kunna su. Ɗora bayan ƙwayar a kan bulo, ka ɗaga su wajen haske. In ka hango rata a tsakani, shimfiɗa sanfefa mai lamba 600 a kan gilashi, ka goga fuskar bulon har ta daidaita. Iskar da ke maƙale a wannan ratar ba ta barin zafi ya wuce, sai tsakiyar ƙwayar ta dahu alhali ruwan na nan da sanyinsa.

Yi soldar wayoyi biyu a kunnuwan ƙwayar kafin ka ɗora ta, ka lura da alamar + da −, sannan ka gwada da mita ka tabbatar babu kunnen da ke taɓa farantin baya. Shafa man zafi siriri ƙwarai, kamar girman ƙwayar wake ya isa duka fuskar. Aikinsa cike ƙananan ramuka ne kawai. In ya yi kauri, shi kansa tare zafi yake.

Kada ka huda bulon don ɗaura sukuru, bangonsa siriri ne, za ka faɗa hanyar ruwa. Sa a yanka maka faranti biyu na alminiyom, na gaba mai taga a tsakiya wanda zai danne gefen ƙwayar, na baya kuma ya tokare bulon, sai sukuru huɗu su bi ta gefe su matse su. Ɗaura su kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan. Rawayar fuskar nan mai laushi ba a danna ta ko da farce, domin siraran wayoyi ne a ƙarƙashinta.

Hanyar ruwa

Ruwa ya fito daga tanki zuwa famfo, daga famfo zuwa bulo, daga bulo zuwa lagireto, ya koma tanki. Famfon ya zauna ƙasa da tankin. Irin waɗannan ƙananan famfuna ba sa iya zuƙo ruwa da kansu, sai ruwan ya gangaro musu, kuma juyawa a bushe na lalata su.

Tataccen ruwa kashi huɗu, kulan kashi ɗaya. Rabin lita ya isa duka. A kula, abin da ake ce wa ruwan batir iri biyu ne, akwai tatacce akwai mai asid, don haka ka karanta jikin gorar. Ruwan burtsatse da fiya wata suna barin farin dasashi a cikin bulo, ruwa zalla kuma yana yin gansakuka a tiyo. Sannan kada ka haɗa bulon jan ƙarfe da lagireton alminiyom. Ƙarfe biyu mabambanta cikin ruwa ɗaya, alminiyom ne ke cinyewa a hankali har ya huje.

Kunna famfon shi kaɗai, ka karkata lagireton hagu da dama har kumfar iska ta gama fita ƙarar famfo ta kwanta. Shimfiɗa takarda a ƙasa ka bar shi awa ɗaya. Ɗigo ɗaya ya isa ka sake kilif. Ba sai ruwan ya yi gudu sosai ba: lita ɗaya a minti tana kwashe wat 70 da ƙarin zafin digiri ɗaya kacal. Lagireto da fanka su ne ke yin ainihin aikin, kuma ba za su taɓa sauke ruwan ƙasa da zafin iskar waje ba. A watan Maris na Abuja, lokacin da rana ke haura digiri 35, ruwan zai kai wajen 50, kuma wannan ba laifi ba ne.

Saita wuta

A cikin ƙwayar akwai ƙananan LED 100, layi goma, kowane layi goma a jere. Halinsu shi ne in sun yi zafi, bolt ɗin da suke buƙata yana raguwa, sai su ƙara jan wuta, su ƙara zafi, haka har su ƙone. Sukurun CC ne ke taka wa wannan burki.

Kada ka haɗa bakin wayoyin fita na bosta don auna amfiya, kamar yadda ake yi wa na'urar rage wuta. A bosta, wutar batir za ta bi ta diyod kai tsaye ta ƙone shi. Ga yadda ake yi. Ba tare da ƙwaya ba, juya CV har mita ta nuna bolt 26. Kashe, ka haɗa ƙwayar ta cikin mita a ramin 10A, kunna famfo da fanka, sa tabaran walda, sannan ka ba da wuta. A wannan ƙaramin haske za ka ga ɗige-ɗigen ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau duk suna kamawa daidai. In wasu layuka sun fi wasu haske, ko wani a mace yake, sauran za su ɗauki nauyinsa su mutu da wuri, ka canza ta tun yanzu. In lafiya, ɗaga CV a hankali har amfiya 2.7, juya CC baya har ta sauko 2.5, sai ka ƙara CV kaɗan. Idan mita ba ta motsa ba, CC ya kama. Bambancin haske tsakanin amfiya 2.5 da 3 ido bai cika gane shi ba, amma a zafi da tsawon rai bambancin babba ne.

A wannan saiti fitilar na cin kimanin wat 82, wato sama da amfiya 8 daga batir in an haɗa da famfo da fanka. Fis ya zauna dab da kan batir. Manna makunnin zafi a jikin bulo, ka jera shi da koyil ɗin rile, rilen kuma ya riƙe wutar bosta kaɗai. Famfo da fanka su ci wuta kai tsaye daga babban makunni, yadda ko fitila ta yanke za su ci gaba da aiki. Batirin UPS mai 7Ah da kyar zai kai rabin awa. Batirin litiyom LiFePO4 mai 20Ah yana wuce awa biyu. Shi ma bostan ka ajiye shi inda iskar fanka ke bugunsa.

Tara haske

Lensin gilashi mai milimita 44 da ake sayarwa tare da waɗannan ƙwayoyi yana ba da faɗin digiri 60, ya dace da haska fili ko gona. In nesa kake so, lissafin na girman fuskar ƙwaya ne da nisan da lensi ke tara haske. Fuska mai kamar milimita 25 da lensi mai nisan milimita 100 za su ba ka kimanin digiri 14. Mai nisan 200 ya ba ka 7, amma sai ya zama faffaɗa, in ba haka ba yawancin hasken ta gefe zai zube. Sa lensin cikin bututun da ke zamewa gaba da baya, ka haska bango daga nisan mita 20 har da'irar ta tsuke, sannan ka ɗaure. Lensin roba kada ya kusanci ƙwayar, narkewa yake.

Yi wa lensin murfi, domin da rana yana tara hasken rana a kan ƙwayar ya ƙone ta ko a kashe take. Kada a haska fuskar mutum ko direba, kada kuma a ɗaga ta sama a wajejen Lugbe da hanyar filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Lokacin hunturu ƙura na toshe haƙarƙarin lagireto cikin 'yan makonni, sai a riƙa bi da busasshen buroshi. Ruwan kuma a canza shi sau ɗaya a shekara, ko da zarar launinsa ya fara dusashewa.