Yadda za ka gane ko matan da ke bod ɗin kamfani da gaske ake damawa da su

In kana da hannun jari a banki ko wani kamfani, ko na dubu ashirin ne, haƙƙinka ne ka san su wa ke yanke shawara da kuɗinka. Fara da sauke rahoton shekara daga shafinsu na intanet, ka wuce wajen hotunan daraktoci ka ƙirga matan. Ma'auninka shi ne abin da bankuna suka amince da shi a 2012 lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Bankin Najeriya (CBN), wato mata kashi 30 cikin 100 a bod (majalisar daraktocin kamfani), kashi 40 a manyan manajoji. Ƙasar Nowe ma tun 2003 ta mayar da kashi 40 doka, kamfanin da ya ƙi bi ana iya rushe shi.

Amma ƙirga kawai ba ta wadatar, nan ne ake yi wa mutane wayo. Duba sunan kowace, matar ciyaman ce ko 'yarsa? A Indiya da dokar 2013 ta ce dole a samu ko mace ɗaya, kamfanoni da yawa 'yan gida suka ɗauko suka cike gurbi, sai da aka dawo aka ce wa manyan kamfanoni lallai ta zama wadda ba ta da alaƙa da masu kamfanin ko shugabanninsa. Daga nan ka nemo teburin halartar zama, akwai shi a rahoton, zama nawa aka yi nawa ta zo, kuma wane kwamiti aka sa ta, domin kwamitin binciken kuɗi da na kula da haɗari can ake tsayar da bashin banza kafin ya cinye ribarka, in babu mace ko ɗaya a ciki to gaskiya da sauran aiki. Ka kuma duba bod nawa take zaune, mutum ɗaya a bod shida yaushe zai karanta takardu?

Kar ka yarda da mai ce maka da an sa mata a bod farashin hannun jari zai tashi gobe, sakamakon bincike-binciken da aka yi kan dokar Nowe ya sha bamban da juna. Ni abin da nake kallo shi ne kamfani ya daina zaɓen daraktoci daga majalisar abokai, wanda hakan ke sa ya daɗe yana tsaye.

Ranar babban taron shekara ka ɗaga hannu ka tambayi ciyaman, kujerun daraktoci nawa za a sake cikewa bana, kuma mata nawa ne a jerin waɗanda aka tantance? Ka nemi sakataren kamfani ya sa amsar a rubuce.