Yadda ake gina filin jifan takalmin doki a bayan gida

A Amurka, da zarar zafi ya shigo, za ka riƙa jin ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe daga bayan gidaje, musamman ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan ƙasar, lokacin da ake gasa nama. Wasan jifan takalmin doki ke nan. Turke biyu ake kafawa, mutum ya tsaya kusa da ɗaya ya jefa takalmin ƙarfe ya sarƙafo ɗayan. Har a fadar White House an taɓa gina filinsa, zamanin George Bush babba, a 1989. Ni ma na gina nawa a bayan gidana a jihar Ohio, kuma shi ne wasan da na ga yana haɗa dattijo da jikansa a fili ɗaya.

Kafin ka taɓa shebur, in kana Amurka, kira lamba 811. Kyauta ne, za a zo a yi maka alama da fenti ko 'yan tutoci a inda bututun gas da wayar lantarki suka bi. Sannan ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tsawon ƙafa 50 ko kusa da haka. Filin ya miƙe daga kudu zuwa arewa. In ka yi shi gabas da yamma, wanda ke jifa bayan la'asar rana ce za ta cika masa ido. Ka kuma duba abin da ke bayan kowane turke, kada ya zama taga, ko mota, ko inda yara ke wasa, domin takalmin nan ya haura kilo ɗaya, kuma in ya faɗi a gefensa gangarawa yake yi.

Tsakanin turke da turke ƙafa 40 ne, wato mita 12 da 'yan kai. Wannan shi ne awon ƙungiyar masu wasan ta ƙasar, NHPA. Ja igiya, auna da tef, ka sake aunawa.

Turken shi ne aikin. Rodi za ka saya mai kaurin inci 1, tsawon ƙafa 3. Mutane da yawa guduma kawai suke ɗauka su buga shi cikin ƙasa, ranar farko ya yi kyau, kafin ƙarshen wata ya fara rawa kamar haƙorin da ke shirin fita. Turken da ke motsi kuwa ya kashe wasa: jifa mai kyau ta zo ta zame, a fara gardama. Ga yadda na yi nawa. Na kwaɓa siminti a bokitin roba mai galan 5, na tsayar da rodin a tsakiya, na tokare shi da katako har ya bushe sarai. Sai na haƙa rami na binne bokitin gaba ɗaya. Karkatar da ake so, wato inci 3 zuwa wajen ɗaya turken, a wurin binnewa na samo ta: na ɗan kishingiɗar da bokitin, na cusa tsakuwa a ƙarƙashinsa, na daddaɓe ƙasa a gefe. Hakan ya fi sauƙi da a ce kana kokawa da rodi cikin ɗanyen siminti. Abin lura, bakin bokitin ya nutse aƙalla inci 6 ƙasa da fuskar yashi, don kada takalmi ya riƙa dukan siminti yana tsalle. Abin da zai fito waje na turken inci 14 zuwa 15 ne.

Sauran aikin ba wuya. Ka kewaye turken da katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓewa, faɗi inci 36, tsawo inci 48 ya wadatar a gida, turken yana tsakiya. Shimfiɗa yadin hana ciyawa a ƙasa, zuba yashi. A gasa sun fi son yumɓu domin yana cafke takalmi inda ya sauka, amma yana son ban ruwa da juyawa kullum, shi ya sa na zaɓi yashi. A baya, kamar ƙafa 4 daga turken, kafa allon katako mai tsayin ƙafa 1 ko fiye don tare abin da ya wuce.

Layin da ba a tsallakewa yana ƙafa 3 gaban turke, wato maza na jifa daga ƙafa 37 zuwa ɗaya turken. Mata da yara da dattawa nasu ƙafa 27 ne. Don Allah ka zana wannan layi na biyun, in ba haka ba rabin gidanka 'yan kallo za su zama. Takalmin da ya sarƙafe turke maki 3 ne, wanda ya fi kusa cikin inci 6 maki 1, a gida galibi wanda ya fara kai 21 ya ci. Takalman wasa za ka saya, na dokin gaske sun yi ƙanana.

Kafin a fara wasa yayyafa wa yashin ruwa ka baje shi da manjagara. In an tashi, rufe ramin da tamfol saboda kyanwoyin unguwa da ruwan sama, ka kifa tsohon bokiti a kan kowane turke, domin yaron da ke gudu da magariba ba ya ganin rodi.