Yadda za ka fara ɗaga ƙarfe a hannun koci ba tare da ka ɓata tsatsonka ba

Duk bayan ƙaramar sallah sai mun yi baƙi a filin ƙarfenmu na unguwa. Samari bakwai ko takwas, kowa da sabuwar singileti, kowa na son ƙwanji ya fito kafin babbar sallah. In aka yi sati uku, da ƙyar biyu za su rage. Mutane na cewa ragwanci ne. Ni da na shekara tara a wurin na san ba shi ba ne: tun satin farko suke ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu, jiki ya ƙi, kunya ta hana su dawowa. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo.

Fara da neman koci, kuma kada ka zaɓe shi da faɗin ƙirji. Je ka zauna gefe kwana biyu, ka ga yadda yake yi da sabon shiga. Na kirki zai tambaye ka shekarunka da tsohon ciwo, ko kana da hawan jini, asma, sikila ko gwaiwa. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, likita zai fara gani kafin ƙarfe. Wanda kuwa ya miƙa maka ƙarfe ranar farko ya ce "nuna mana abin da ka iya", ko ya ja ka gefe yana tallar allura da ƙwaya, ka yi masa sallama. Kuɗin wata ɗaya za ka biya tukuna, kada zumuɗi ya sa ka biya na wata uku.

Sati biyun farko babu ƙarfe. Wannan doka ce a wurina, ko da wani koci ya sassauta maka. Ɗumama jiki ba sai na koya wa kowa ba, sassarfa ce ta minti goma da juya gaɓoɓi. Bayanta tsugunno da tashi, firesof, jan jiki sama a sandar ƙarfe, sai ɗaukar jarka biyu ka yi taku talatin ka dawo. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce in ta cika, don haka ka fara da rabi. Kowane atisaye sau takwas zuwa goma, turmi uku. Mu turmi muke cewa, mun ara daga bakin 'yan dambe. Za ka ji kamar wasan yara ake sa ka, abokai kuma suna can suna nishi a ƙarƙashin ƙarfe. Ka daure. Tsoka na saurin sabawa, amma jijiyoyi da gaɓoɓi sun fi ta nawa, kuma su ne ke fara ba da kai.

Ranar da koci ya ce ka taɓa ƙarfe, tambayar farko ita ce kilo nawa ne. A manyan gidajen motsa jiki sandar kaɗai kilo 20 ce, kuma kowane faifai da lambarsa a jiki. Namu na unguwa kuwa bututu ne aka cusa cikin gwangwanin fenti aka zuba siminti, ko tsohon ƙarfen mota da aka samo wurin 'yan gwangwan. Babu wanda ya san nauyinsa, kowa ƙiyasi yake yi. Ku haɗa kuɗi kaɗan ku kai wa mai sikeli ya auna, kowane ɓari daban, a rubuta da fenti.

A nan na ci tawa wuya. Muna da wani ƙarfen siminti da ake kira Giwa. Satina na uku, koci ya tafi sallar la'asar, yara suka fara zuga ni. Na sunkuya, baya a gantsare ta baibai kamar mai tsintar gyaɗa, na fizgo shi da ƙarfi. Ya tashi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa sai na ji wani abu ya ce ɗas a tsatsona. Da koci ya dawo ya same ni kwance a kan benci.

"Ƙanena, wa ya aike ka?"

"Wallahi Koci, zuga ce."

"To, zugar ta goya ka zuwa gida."

Sati shida ina sallah a zaune. Na fara zuwa wurin mai ɗori, ya ja ni ya murza, abin ya ƙaru, sai da na koma sashen gashin ƙashi a asibiti. Daga baya da aka auna Giwa, ɓari ɗaya ya fi ɗaya da kusan kilo huɗu. Amma ban ɗora wa siminti laifi duka ba, don ko daidai yake, yadda na ɗauka ya isa ya kayar da ni.

Ga yadda koci ya koya mini bayan na warke, kuma haka nake koya wa kowa. Ya tambaye ni ko na iya ruku'u. Na ce na iya. Ya ce to bayanka ya miƙe kamar na mai ruku'u, sannan ka ɗan saki gwiwa. Ka tsaya sandar na bisa tsakiyar ƙafarka, dab da ƙwauri. Ƙugu ne zai koma baya, ba kai ne zai faɗo gaba ba. Ka kama sanda, hannaye a miƙe a wajen gwiwoyi. Ja numfashi ya cika ciki, ka tamke cikin kamar wanda za a kai wa naushi. Sannan ka taka ƙasa da ƙarfi, ƙarfen ya biyo jikin ƙafarka yana gogar ta har ka miƙe. Ba a fizga. In ka ji ƙarar faifai kafin jikinka ya tamke, ka yi gaggawa. Saukewa ma ta hanyar da aka hau ake bi, kuma a wajen saukewar da yawa ke sakin baya don sun ɗauka aiki ya ƙare.

In kana shakka, sa wani ya ɗora maka gora a gadon baya. Wuri uku za ta taɓa: ƙeya, tsakanin kafaɗu, da ƙarshen ƙashin baya. Da zarar ɗaya ya rabu da gorar, nauyin ya fi ka, rage shi. Ko ka ba wani wayarka ya ɗauke ka bidiyo ta gefe. Za ka sha mamaki, domin abin da kake ji a jikinka daban, abin da ido ke gani daban. Bel ɗin fata da ake ɗaurawa a ciki ba ya gyara lanƙwasasshen baya. Bar kuɗinka ka sayi ƙwai.

Sai tsarin mako. Zuwa kullum ba ɗaga ƙarfe kullum ba ne. Tsokar da ta sha aiki tana son kamar awa 48 kafin a sake matsa mata, kuma a lokacin hutun take ginuwa. Mu Litinin, Laraba da Asabar ne ƙarfe. Talata da Alhamis gudu da tsallen igiya, Lahadi ƙwallo ga mai so, Juma'a hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki a mako take nema daga baligi, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, ka ga mun wuce nan. Masu zuwa kullum su yi ƙirji da damtse kawai, su bar cinya, ka san su a unguwa: sama buhu, ƙasa tsinke.

Sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta rana, kilo da adadi. In ka cika turmi uku ba tare da baya ya lanƙwashe ba, sati mai zuwa ƙara kilo biyu, ba goma ba. Ajiye ƙarfe alhali kana jin za ka iya ƙara biyu. Wannan ya fi komai wuya ga matashi, musamman in ana kallonsa.

Kuma kada ka yi wa koci ƙarya. In ba ka yi barci ba, ko ba ka karya ba, ko zazzaɓi ya taɓa ka, faɗa masa, zai rage maka aikin ranar. In ya gyara ka a gaban mutane, "to, Koci" ta wadatar. Musu a bari sai an tashi. Tsamin jiki da ke zuwa washegari, ya tsananta rana ta biyu, ba komai ba ne, tafiya da aiki mara nauyi ke sassauta shi. Ciwo mai suka a gaɓa, ko wanda ke sauka daga tsatso zuwa ƙafa, wannan a tsaya. In kuma bayan atisaye mai tsanani fitsarinka ya koma kamar baƙin shayi, asibiti za ka nufa a ranar, ƙoda ce ke cikin haɗari.

Abinci ba sai na garin roba mai tsada ba. Mai kilo 60 yana neman kusan giram 100 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6, sauran ka cike da wake, awara, ƙuli-ƙuli, nono da busasshen kifi. Ƙwayar sa ƙiba irin dexamethasone kumbura fuska take yi, ta raunana tsoka da ƙashi. Tramadol kuwa rufe ciwo yake yi har ka ƙarasa abin da ya fara tsagewa. Barci awa bakwai zuwa takwas.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, bayan asuba ake fita ko la'asar sakaliya, da ledar ruwa uku aƙalla. Da azumi kuma rage nauyi da adadin turmi, ka mayar da ƙarfe bayan tarawihi.