Yadda za ka nuna wa ɗalibai kwantar da iskar bayan fiffike

Idan kogin Isa ya cika, ka tsaya kan gadar Kennedy ka dubi bayan ginshiƙai: ruwa na murɗawa yana juyi. Haka iska take yi idan ta saki bayan fiffiken jirgin sama, kuma wannan hargitsattsiyar iskar ce ke dukan jela, tana girgiza ta har ƙarfe ya gaji. Ina koyar da kimiyya a nan Yamai, kuma zane a allo bai taɓa gamsar da yarana ba sai da muka haɗa abin da hannu.

Ka samo fanka ta tebur. Iskarta a murɗe take fitowa, don haka ka cika kwali da bututun shan lemo, ka ajiye shi a gabanta ya miƙar da iskar. Kada ka tsallake wannan. Ni na tsallake a karon farko, muka ɓata yini guda.

Ka lanƙwasa kwali ya yi siffar fiffike, ka manna gajerun zare a bayansa, wato samansa, layi-layi. Tazarar taƙi ɗaya a baya, ka kafa siririn kwali, shi ne jela. Kunna fanka, ka riƙa ɗaga goshin fiffiken a hankali. Zaren zai kwanta luf, can sai ya fara rawa, wani ma ya juyo gaba, jela ta kama karkarwa. Ka yi alama daidai inda rawar ta fara.

Nan aikin yake. Ka matse bakin siririn tiyo ya zama tsaga, ka ɗora shi gaba kaɗan da alamar, yana fuskantar baya, a kwance da jikin fiffiken. Ka busa. Zare zai koma ya kwanta, jela ta lafa. Matsar da tiyon baya, cikin hargitsin, ka busa iya ƙarfinka: kusan a banza. Wurin ya fi ƙarfin busawa muhimmanci, abin da nake so yara su gani ke nan.

Tun 1904 masanin kimiyya Ludwig Prandtl ya nuna a Jamus cewa tsotse siririn ruwan da ke bin jikin abu yana hana shi saki. A 2015 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, da kamfanin ƙera jirage na Boeing suka tashi da jirgi ƙirar 757 mai ƴan kafofi 31 masu fesa iska a jelarsa, don a gano ko ƙaramar jela za ta iya aikin babba.

Ka rufe tagogi kafin ka fara, musamman da hunturu.