Yadda Za Ki Ɗinka Rigar Dare Irin ta Paris ta Shekarun 1860

'Yar'uwa, kafin ki ɗauki almakashi ki san cewa wannan riga daga ciki ake gina ta. Haka ake yi a gidan ɗinkin Charles Frederick Worth, Baturen Ingila da ya buɗe shago a titin Rue de la Paix a Paris a 1858, wanda ya riƙa yi wa Eugénie, matar Sarki Napoleon na Uku na Faransa, kaya.

Kada ki yi awo sai mai rigar ta ɗaura koset, wato rigar ciki mai matse ƙugu, ta kuma sa kejin ƙarfen nan mai buɗa siket, wanda ya fito wajajen 1856. In kin auna ba tare da su ba, ƙugu zai yi yawa, siket kuma ya ɗage.

Fara yanka a akoko mai arha. Ki ɗora mata, ki soka fil, ki ja alli duk inda ya tattare. Silikin birnin Lyon da Worth ke aiki da shi ba abin gwaji ba ne, naki ma haka.

Rigar sama daban take da siket, kuma a nan nake so ki zauna. Wuya a buɗe zuwa kafaɗa, hannu gajere. Ki haɗa silikin da shafi mai ƙarfi ki ɗinke su tamkar ƙyalle ɗaya, sannan ki bi ɗinkin jiki ki sa ƙashi. Maɗinkan wancan zamani na bakin wani ƙaton kifin teku suke sawa, ke na roba ya ishe ki. Sai ɗamarar ciki, siririn tef mai kauri da ake kafewa daidai ƙugu, da ƙugiyarsa. Ita ke riƙe rigar kada ta hau sama, kuma a jikinta sunan Worth yake fitowa. Raina yana ɓaci in na ga rigar dina ta amarya ta sha duwatsu amma babu wannan tef, baiwar Allah tana ta jan riga tsakiyar taro.

Baya kuwa igiya ce da ƙananan huji da aka bi da allura. Zif bai zo ba a lokacin, kada ki sa.

Siket ki nannaɗe shi a ƙugu, ki tura yawancin cikar baya. In yadi ya ragu, ki fitar da rigar sama ta biyu mai dogon hannu da rufaffen wuya. Matan wancan zamani haka suke yi, siket ɗaya ya yi musu yini ya yi musu dare.