Motar lantarki da karon gefe: kurakuran da masu saye ke tafkawa a Kaduna

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hirar motar lantarki ta shigo majalisun Kaduna. Tambayoyin ba sa wuce uku: kilomita nawa take yi a caji guda, ina za a caja ta da wannan wutar tamu, kuma shekara nawa batirin zai kai. Ba kasafai za ka ji an tambayi abin da zai faru ba idan wata mota ta ɓullo daga layi a titin Ali Akilu ta dirka mata a ƙofar direba. Alhali a nan ne mutum ya fi kusa da ƙarfe. A karon gaba akwai tsawon hancin mota da zai lanƙwashe ya shanye bugun kafin ya iso gare ka. A gefe kuwa kaurin ƙofa ne kawai tsakaninka da abin da ya taho. Ga shi kuma a yawancin motocin lantarki batirin shimfiɗe yake a ƙasan kujeru, bakinsa na dab da dokin ƙofa. Bugu ɗaya na iya samun fasinja da batir a lokaci guda.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ji dillali ya ce "ai mai tauraro biyar ce, Alhaji" a tsaya a nan. Taurarin nan maki ne da hukumomin gwajin karo ke ba mota. To, tauraro biyar na wace shekara, kuma wa ya ba ta? Gwajin kansa yana canzawa. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fara gwajin gefe a 2003, inda ake turo amalanken ƙarfe mai nauyin kilo 1,500 da gudun kilomita 50 a awa ya daki motar a ƙofa, da mutum-mutumi biyu a ciki. Da motoci suka saba cin wannan jarrabawa, sai a 2021 aka ƙara nauyin zuwa kilo 1,900, gudun ya koma kilomita 60, ƙarfin bugun ya ƙaru da kashi 82 cikin ɗari. Ƙananan jif guda 20 aka fara gwadawa da sabon tsarin, kuma guda ɗaya tak, Mazda CX-5, ta sami babban maki, duk da cewa dukkansu sun ci tsohon gwajin. Haka hukumar Euro NCAP ta Turai ta kai amalankenta kilo 1,400 da gudun kilomita 60 a 2020. Saboda haka maki na 2015 da na 2022 ba awo ɗaya ba ne. Shafukan waɗannan hukumomi a buɗe suke kyauta. Ka sa sunan motar da shekarar ƙirarta, ka wuce jimlar taurarin, ka duba sashen gefe shi kaɗai.

A shafin Euro NCAP za ka ga gwaji na biyu, wanda a ganina ya fi shafar motar lantarki: gwajin turke. Ana ɗora motar a kan faranti a wurga ta a karkace, da gudun kilomita 32, ta daki sandar ƙarfe mai kaurin santimita 25 daidai saitin kan direba. Gudun kamar ba komai, amma duk ƙarfin yana taruwa a siririn wuri guda, kamar yadda yake faruwa idan mota ta zame da damina ta rungumi falwaya ko bishiya. Bayan bugun masu gwaji ba mutum-mutumin kaɗai suke dubawa ba. Suna auna ko babbar wutar batirin ta katse kanta, ko ruwan batir ya zuba, ko jikin motar ya ɗauki lantarki, ko akwatin batirin ya goce daga mazauninsa.

Wani abin da ake mantawa shi ne suna ɗaya ba ya nufin mota ɗaya. Kamfani kan sayar wa Turai mota da jakunkunan iska shida, ya aika wata kasuwar da guda biyu na gaba kawai. Shirin Global NCAP na gwada motocin da ake sayarwa a Afirka, wanda aka fara a 2017, ya sha fallasa wannan. Ka buɗe ƙofa da kanka ka nemi tambarin jakar iska a gefen kujera da kuma saman taga. Idan babu, makin da aka nuna maka na wata motar ne.

Akwai kuma masu cewa ai nauyin batir ya isa kariya. Da ɗan gaskiya a ciki: nauyin yana ƙasa, don haka motar ba ta saurin kifewa, kuma akwatin batirin yana ƙara wa bene ƙarfi. Sai dai hancin tifa ko babbar jif ba bene yake samu ba, sama yake hawa, saitin haƙarƙari da kai. Wannan wurin ginshiƙin tsakiyar ƙofofi da jakar iska ta labule, wadda ke saukowa daga saman taga, ne ke tsare shi. Kuma nauyin nan nauyi ne a kan wasu: idan kai ne ka daki Keke Napep a mahaɗa, waɗanda ke ciki ne za su ɗanɗana shi. Ga gudu ma. Duk gwajin nan bai wuce kilomita 60 da 'yan kai ba, ƙarfin bugu kuwa ninkin-ba-ninki yake hawa. Wanda ya taho da 120 a titin Nnamdi Azikiwe ya taho da ninki huɗu na abin da aka gwada.

Amma inda aka fi yin ɓarna a wajenmu shi ne sayen motar da ta riga ta yi haɗari. Kowa ya san yadda harkar take: a sayo wadda inshora ta yafe a gwanjon Amurka da araha, a sauke ta a Legas ko Kwatano, a kai wa mai gyaran jiki ya buge, a yi fenti, ta fito tana walƙiya. A motar fetur ma wannan caca ce, balle a ta lantarki. Ba raina masu sana'a nake yi ba. Wanda ya taɓa zagaya Panteka ya san akwai hannayen da babu abin da ba za su ƙera ba. Matsalar tana cikin ƙarfen. Ginshiƙin tsakiya da dokin ƙofa na motocin zamani da wani ƙarfe na musamman ake yin su, wanda aka gasa aka daskarar a masana'anta, wasu kuma da alminiyom. Da zarar an hura masa wutar walda don a miƙe shi, taurinsa ya tafi, ko da ido bai ga bambanci ba. Masu ƙera motocin cewa suke a cire wannan sashe a sa sabo. Ƙari a kan haka, wutar waldar tana aiki ne kusa da batir, wanda ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Sai kuma jakar iskar da ta riga ta fashe: sau da yawa ɗinke kujerar ake yi, a yi wa fitilar gargaɗi dabara ta daina kamawa. Motar da aka gwada a Amurka daban, wadda ke gabanka daban.

Maganin ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin motar. Karɓi lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ka bincika tarihinta a intanet; sau da yawa hotunan gwanjon ma suna nan. Idan bugun a gefe ne ko a ƙasa, ka haƙura da ita komai arha. Ka sa a ɗaga motar a leƙa akwatin batir: lotsewa, tsagewa, sabon fenti ko danshin ruwan sanyaya duk alamun gudu ne. Idan an kunna, fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam ita ce abin zargi. Sannan a jona kwamfutar bincike wadda ke iya karanta batir, ba ta gama-gari ba.

Ko lafiyayyar mota ma muna rage mata kariya da hannunmu. Rigar kujera mai kauri da ake ɗinkawa a kasuwa tana toshe inda jakar gefe za ta faso. Yaro ya jingina kai da ƙofa yana barci, na baya kuma ba su san bel ba. Bakanike ya kafa jak a ƙarƙashin batir maimakon wurin da aka ware masa.

Sai bayan haɗarin. Mutane na ganin idan wuta ba ta tashi nan take ba, shi ke nan an tsira. A Mayun 2011 hukumar kiyaye haɗuran mota ta Amurka, NHTSA, ta yi wa Chevrolet Volt, wata mota mai batir, gwajin turke, ta ci jarrabawa, aka ajiye ta a fili. Bayan kusan mako uku ta kama da wuta, har ta lashe motocin da ke kusa. Bugun ya huda batirin, ruwan sanyaya ya zubo, kuma ba a sauke cajin da ya rage a ciki ba. Kamfanin General Motors, mai ƙera ta, ya ƙara ƙarfe a kewayen batirin a farkon 2012. Shawarar da hukumar ke bayarwa ita ce a ajiye motar da batirinta ya bugu a fili, nesa da gini da sauran motoci da aƙalla mita 15. A Kaduna kuwa abin da za a fara yi shi ne a ja ta zuwa cikin gida, ƙarƙashin rumfa, kusa da janareta da jarkokin mai. Kada a yi haka, kada kuma a sake jona ta a caji don a ga ko tana aiki. Wajen ɗauka ma a nemi janwe mai shimfiɗa a ɗora ta gaba ɗaya, domin idan tayoyin da injin ke juyawa suna birgima a ƙasa, injin yana haifar da wuta.

Mu mutane ne masu rugawa taimako, kuma abin yabo ne, amma a san inda ake sa hannu. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo ta babbar wuta ce, volt 400 a yawancin motoci, wasu 800. Ba a taɓa ta, ba a sara ta da gatari. Motar ba ta yin ƙara, don haka shirunta ba ya nufin a kashe take. A danna maɓallin kashewa, a sa dutse a taya, a nisanta makullin. Idan aka ji tsit-tsit ko fashe-fashe daga ƙasa, ko farin hayaƙi mai wari ya fara fita, a janye mutane zuwa ɓangaren da iska ke tasowa, don hayaƙin guba ne. Yashi da ƙaramar tukunyar kashe gobara ba sa kashe wutar batir. Dubban litocin ruwa take sha, kuma takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. A kira 122 na hukumar kiyaye haɗura ko 112, kuma tun a waya a faɗa musu motar lantarki ce, don 'yan kwana-kwana su taho da isasshen ruwa.