Rauta na yanke maka intanet haka kawai? Ga yadda za ka gano inda matsalar take

Duk inda ka zauna da mutanenmu daga Agege zuwa Idi-Araba maganar ɗaya ce, "netwok ɗin nan ba shi da kyau", sai mutum ya cire sim ya sayi na wani kamfani, ko ya hau mota har Computer Village a Ikeja ya sayo sabuwar rauta, wato akwatin da ke raba wayfai a gida, bayan sati ɗaya a koma gidan jiya. Gaskiya abin yana damuna, don kuɗi ake zubarwa alhali ba a san me ya lalace ba. Intanet ɗin gida wuri uku yake yankewa: ko tsakanin wayarka da rauta, ko ita kanta rautar ta mutu ta tashi ba ka sani ba, ko kuma tsakanin rauta da kamfani. Kafin ka kashe ko sisi, fara gano wanne ne a cikin ukun.

Lokacin da ya yanke kada ka yi saurin kashe rauta, tsaya ka duba wayarka tukuna. In alamar wayfai ta ɓace gaba ɗaya daga saman waya, to matsalar a cikin gidanka take. In kuwa alamar tana nan amma WhatsApp ya ƙi tura saƙo, to wayarka da rauta suna tare, daga rauta zuwa waje ne hanya ta toshe. Sannan ka tambayi mutanen gida, kowa ne ya yanke masa ko kai kaɗai? In kai kaɗai ne ka bar rauta ta huta, wayarka ko laftof ɗinka ne, yawanci tsarin adana batir ne yake kashe wayfai da allo ya mutu, ka cire shi, ka sa waya ta manta da wayfai ɗin ka sake saka fasuwod.

Sai wuta, kuma a Legas nan na fi zargi kafin komai. Wuta ta ɗan yi ƙasa na daƙiƙa ɗaya, fanka ba za ta nuna ba, ƙwan fitila ma da ƙyar ya ƙifta, amma rauta ta riga ta mutu, kuma tana buƙatar minti ɗaya zuwa biyu kafin ta gama tashi ta kama netwok. Kai kana can ɗaki kana zagin kamfani. Haka in an juya daga NEPA zuwa janareta, ko firiza ta tashi, ko an kunna injin jan ruwa a kan ƙaramin jan. Yadda za ka tabbatar shi ne ka shiga cikin rautar: juya ta za ka ga takarda a manne a ƙasanta da adireshi, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1 ne. Rubuta shi a burauza, saka suna da fasuwod ɗin da ke jikin takardar, ka nemi inda take nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne, wato uptime. In tun safe ka kunna ta amma tana nuna minti 6, to kaga ba sai an faɗa maka ba, mutuwa take yi tana tashi.

Daga nan sai ka ɗauko adafta ka karanta jikinta. Mafi yawan rautoci 12V suke ci, wato bolt 12, amfiya kuma wasu 1A wasu 1.5A wasu 2A, kuma an rubuta a ƙasan rautar abin da take so. Abin da ke faruwa shi ne ta asali ta ƙone a sayo ta bakin titi, ko a ɗauko ta tsohuwar dikoda tunda bakin ya shiga, to in amfiya ɗinta bai kai ba rauta za ta kunnu lafiya lau, amma da zarar yara sun hau YouTube aiki ya yi nauyi sai ta faɗi. Amfiya in ya fi yawa ba komai, amma bolt dole ya zo daidai, kada ka saka 19V na laftof za ka iya ƙona ta. Taɓa adaftar, in ta yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba ko tana ɗan kuka, canza ta. Ka duba soket ɗin ma, irin dogon soket mai arha da bakinsa ya saki, ana taɓa tebur wuta na yankewa. Maganin da na fi yarda da shi shi ne ƙaramin batir na rauta, wanda 'yan kasuwa ke kira mini UPS, ana samu a Computer Village da Alaba, yana shiga tsakanin adafta da rauta, ko an ɗauke wuta ba za ta ji ba. Mai inbata kuma kawai ya mayar da rautar kan layin inbata.

Zafi ma yana kashe ta, balle watan Fabrairu da Maris. Kada a ɗora ta kan dikoda ko a kulle ta a cikin kabad ɗin talabijin, kuma Hajiya dan Allah a daina lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, ramukan jikinta na shan iska ne.

To in wuta lafiya, uptime ɗin ma ya nuna ba ta mutu ba, amma alamar wayfai na zuwa tana tafiya, sai mu koma kan siginar wayfai da ke bin iska. Gidajen Legas a cunkushe suke, bene ɗaya sai ka ga sunan wayfai goma sha a waya, kuma yawancinsu a kan zangon sigina ɗaya suke, wato 2.4GHz, abin kamar Mile 12 da safe kowa na ɗaga murya ba mai jin wani. A saitin wayfai na shafin rautar akwai wurin zaɓen tasha, a kan 2.4GHz guda uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, gwada kowacce na kwana ɗaya ka ga wadda ta fi zama. In rautarka tana da 5GHz yi amfani da shi a falo ko ɗakin da take, ya fi sauri kuma ba cunkoso, sai dai ba ya ratsa bangon bulo sosai, ɗaki biyu ya raunana. Wasu rautocin suna haɗa biyun a suna ɗaya, waya ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan tana yankewa a tsakani, ni na fi son a raba su, kowanne da sunansa. Ka ɗaga rautar sama a tsakiyar gida, nesa da firij da ƙofar ƙarfe da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, don ita ma a kan 2.4GHz take aiki. Ka leƙa jerin na'urorin da ke haɗe, in ka ga wayoyi 15 alhali ku biyar ne a gida, fasuwod ya zaga unguwa, canza shi ka kashe WPS, wato tsarin da ke haɗa waya da rauta ba sai an rubuta fasuwod ba.

Mai laftof ga gwajin da ke raba gardama. Buɗe cmd, baƙin akwatin rubuta umarni na Windows, sau biyu, a ɗaya ka rubuta ping 192.168.0.1 -t ko dai adireshin rautarka, a ɗayan ping 8.8.8.8 -t, ka bar su suna tafiya har ya yanke. In duka biyun suka tsaya tare, a gida ne. In na rauta yana amsawa na 8.8.8.8 ya yi shiru, daga waje ne. In kuma duka suna amsawa amma shafi ya ƙi buɗewa, DNS ne, wato abin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, canza shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. In da kebul a kusa haɗa laftof da rauta kai tsaye ka sake gwadawa.

Masu rauta mai sim, fara da mai sauƙi, duba ko data ta ƙare, *323# ne a duk layukan yanzu, ko ka shiga manhajar kamfanin, don wasu tsare-tsaren da ake ce ba su da iyaka suna rage gudu sosai in ka kai wani adadi. Ka tabbatar an haɗa sim ɗin da NIN. Bayan nan sigina: a shafin rauta akwai lamba mai suna RSRP, in tana wajen -80 ka more, in ta kai -110 ko ta wuce to da ƙyar take riƙe hasumiya, matsar da ita bakin taga kana kallon lambar, wani lokacin taku biyu kawai ke canza komai. In ka lura tana sauka daga 4G zuwa 3G ko tana yawo tsakanin 5G da 4G, kulle ta a 4G kaɗai a saitin rautar. Amma in kullum daga magariba zuwa sha ɗayan dare ne take wahala, da asuba kuma tana gudu, cunkoso ne a hasumiyar unguwa, ba abin da za ka gyara a ɗaki, a nan ne gwada sim ɗin wani kamfani yake da ma'ana.

Masu faiba, wato intanet mai zuwa ta siririyar waya mai ɗaukar haske, ku kalli fitilun akwatin. In fitilar da aka rubuta wa LOS ta yi ja tana ƙiftawa, haske ba ya isowa, ko an yanke waya a titi wajen aikin hanya ko gyaran kwata, ko siririyar wayar cikin gida ta lanƙwashe a bayan kujera. Kada a naɗe ta da ƙarfi kuma kada a leƙa bakinta da ido. Kuma kada ka danna ɗan ramin riset da allura sai kamfani ya ce, don zai goge sunan shiga da suka saka maka ka zauna ba intanet sam.

Wani lokacin ma matsalar ta fi ƙarfin Legas, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, har da MainOne da WACS, intanet ya rikice a Najeriya da maƙwabta har bankuna suka ji a jikinsu. Shi ya sa yana da kyau ka tambayi maƙwabcin da kuke kamfani ɗaya kafin ka fara kwance kaya.

In ka tabbatar daga waje ne, rubuta rana da lokacin da yake yankewa na kwana uku, ɗauki hoton fitilun da na gwajin ping, sannan ka kira su, 300 ne layin kula da kwastoma na kamfanonin waya. Ka gaya musu ka riga ka duba wuta da adafta da kebul, ka nemi lambar ƙorafi ka ajiye. In an kwana biyu ba su yi komai ba, kira 622 na hukumar sadarwa ta NCC, kyauta ne, ka ba su wannan lambar.